Ƙwai na Ɗari Biyu da Sha Uku

A Duluth sanyi ba ya sallama,
ta ƙarƙashin farce yake shigowa.
Ina kan tsanin Orval Lindqvist,
tocila a baki, mita a aljihu,
shi yana ƙasa, ya riƙe min ƙafar tsanin
da hannuwa masu shekara saba'in da takwas.

"Daga taga zuwa gareji lafiya lau," in ji shi,
"daga nan kuma sai hauka."
Gaskiyarsa.
Ƙwayaye ɗari biyu sun daidaita kamar sahun asuba,
sauran suna ta ƙyafce-ƙyafce,
fari ya koma ruwan zoɓon da aka tsinka,
kore yana rawar ɗari.

Ni ba na Kirsimeti.
Injinan asibiti nake gyarawa, na dawo na kwanta.
Amma katangarmu ɗaya,
kuma shi ya share min ƙanƙarar ƙofa
ranar da aka haifi Zulai.

Kwamfuta muka fara zargi, kamar kowa.
Muka kashe, muka kunna. Ba ta da laifi.
Na auna wuta a bakin layi: sha biyu cif.
Na auna a wutsiya: tara da ɗan guntu.
Ashe wuta ma tana gajiya da tafiya,
na gaba su sha, na baya su lashi kwano.

Na ƙara musu wata tukunyar wutar daga ƙarshe.
Sai abin ya ƙaru.
Orval ya yi dariya har da tari.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na bi waya taƙi bayan taƙi,
na tarar da haƙorin kurege a bayan indararo,
na naɗe da salatif.
Na kwance wani soket, ƙanƙara ta yi gida a ciki,
ya miƙo min abin busar da gashin Marlys,
bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.
Wata tara ke nan da binne ta.
Ita ta tsara fitilun nan, daƙiƙa bayan daƙiƙa,
shi nasa hawa tsani ne da shan faɗa.

Sha ɗaya saura, yatsuna sun daina jin magana,
na gano abin:
tukwanen wuta biyu, kowace da nata sifilin,
ba wayar da ta haɗa ƙasarsu.
Saƙo ya taso daga nan da ma'anarsa,
ya isa can ya zama surutu.
Guntuwar baƙar waya, ba ta kai kamu ɗaya ba,
na ɗaure wannan da waccan.

Tsit.
Gidan ya ja numfashi, ya yi shuɗi tun daga tushe,
ya gangaro zinariya har bakin titi.
Wata mota ta rage gudu.

Sai ƙwai ɗaya, na ɗari biyu da sha uku,
daidai saman tagar kicin,
ya ƙifta sau uku. Ya tsaya. Ya sake.
Na ce, "Wannan ya mutu, gobe na canja shi."
Na sauko dai na buɗe kwamfutar don in tabbata,
na bi layukan har na iso kansa.
Ba lalacewa ba ce.
Da hannu aka sa: uku, shiru, uku,
a gefe an rubuta, "Orv, shigo, shayi ya huce."

Na juya masa allon.
Ya daɗe yana neman tabaransa
alhali yana kan hancinsa.

"Tukur," ya ce, "wannan a bar shi."

Na naɗe wayoyina.
Na tsallaka gida, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi.
Ta labulenmu na hango shi tsaye a tsakar fili,
har ƙwan ya sake kiransa,
sannan ya shiga.